Sandunan Dargaza a Gidan Shekari

Shekara talatin da ɗaya Shekari ya yi yana gyaran kan jirgin ƙasa a Sabon Garin Zariya, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa tambayar kansa abin da mutum ke yi da hannuwansa ranar Talata da hantsi ba idan babu inda zai je. Sai da ya yi ritaya a farkon shekarar 2004, ya kwashe kayansa daga kwatas ɗin reluwe ya koma ɗan gidan da ya gina a Samaru, sannan ya gane zama ma aiki ne, kuma shi bai iya ba.

A watan farko ya gyara duk abin da ya lalace a gidan. A na biyu ya fara kwance abubuwan da lafiyarsu ƙalau. Ranar da matarsa Dinatu ta dawo daga makarantar firamaren da take koyarwa, ta tarar da keken ɗinkinta a warwatse a kan tabarma, sai ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Baban Christabel, me keken nan ya yi maka?"

"Wani sauti nake ji a cikinsa."

"Shekara goma sha biyar yana wannan sautin. Don Allah ka nemi inda za ka riƙa zuwa."

Ana cikin haka ne 'yarsu Christabel, wadda ke karatun wasan kwaikwayo a jami'a, ta shigo wata Asabar da kayan wanki da kuma buƙata. Ajinsu zai yi wasa, akwai maharbi a ciki, an ce kowa ya kawo abin da zai iya.

"Na ce musu baka kam su bar mini," in ji ta, tana tauna rake. "Na ce kakana maharbi ne, Dadi zai haɗa mana na gaske, ba na roba ba."

Gaskiya ne uban Shekari maharbi ne, sananne ma a ƙauyensu can kudancin Kaduna. Amma Shekari yana ɗan shekara takwas aka kai shi makarantar mishan, daga can ya wuce koyon aikin ƙarfe. Abin da ya sani game da bakan ubansa shi ne inda ake rataye shi, da dukan da ya sha ranar da ya taɓa. Ya buɗe baki zai faɗa mata haka, sai ya ga yadda take kallonsa.

"Ba ni kwana uku," ya ce.

Litinin da sassafe ya hau tsohuwar Vespa ɗinsa ya nufi kasuwar katako ta Sabon Gari, wurin Chukwuka, wanda a hannunsa ya sayi duk katakon rufin gidansa. Ya zaɓi falanki mai kyau, ya dawo ya ja layi da fensir, ya yanka da zarto, ya goge har yana ɗaukar ido. Ya ɗaura masa igiyar shanya. Abin ya yi kyau ƙwarai. Ya tsaya a tsakar gida, ya buɗe ƙafafu yadda yake tuna ubansa na yi, ya ja.

Ƙarar ta sa kajin Dinatu suka watse. Rabin katakon ya taso ya same shi a gira, jini ya sauko masa har cikin ido.

Na biyu ya yi shi da reshen darbejiya ɗanye. Wannan bai karye ba, lanƙwashewa ya yi ya zauna a lanƙwashe kamar ƙugiya. Na uku ya tsage tun wajen ɗaura igiya. Kwana uku suka zama goma. Christabel ta leƙo, ta ga filasta a goshin ubanta da tarin itace a gindin katanga, ta ce kada ya damu, wani ɗan ajinsu ya samo na gora. Aka yi wasa aka gama, har an manta.

Shi ne dai bai manta ba. Ya kan zauna cin tuwo sai ya tashi da loma a hannu ya je ya ɗauki wani guntu yana juya shi, yana duba inda ya karye. A coci ana wa'azi, idonsa na kan bencin gabansa yana bin layin itacen. Mutumin da ya kwance injin jirgi ya mayar, sanda da igiya sun gagare shi.

Ya koma wurin Chukwuka neman katako mai tauri. Chukwuka ya saurare shi, ya dubi girar, ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Oga Shekari, ashe baka kake yi? Da ka faɗa mini ai ba zan ba ka falanki ba. Inji ya riga ya yanka jijiyarsa. Wannan na tebur ne." Ya share hawaye. "Akwai wani tsoho da ke kawo ƙotar fartanya nan kasuwa, Baba Barau, daga Zabi. An ce da can maharbi ne. Je ka same shi kafin ka cire wa kanka ido."

Ya sami Baba Barau a ƙofar gidansa a ƙarƙashin tsamiya, ɗan siririn tsoho mai farin gemu, yana sassaƙa ƙota da gizago. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Shekari ya kwance ɗaurin karyayyun sandunansa ya shimfiɗa a ƙasa. Tsohon ya ɗauki kowanne ya shinshina, ya ajiye.

"Me za ka harba?"

"Ba komai, Baba."

"To me za ka yi da baka?"

Shekari ya ba shi labarin wasan Christabel, ya ga amsar ba ta isa ba, sai ya ce, "Ubana ya iya. Ni ban tsaya na koya ba."

Baba Barau ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin gero. Ya ce ya dawo jibi da adda, kuma ya sa takalmin da ba ya tausayi.

Suka shiga daji bayan gonaki, tsohon a gaba, ba ya sauri ba ya tsayawa. Ya nuna masa itaciyar dargaza, wadda Shekari ya sha wucewa bai san sunanta ba. Duk wadda Shekari ya ɗaga adda zai sara, sai tsohon ya ce a'a. Wannan ta murɗe. Wannan tana da ido a tsakiya, nan za ta karye. Wannan ƙwaro ya riga ka. Tun hantsi har rana ta take, sanda goma sha ɗaya kawai suka yarda da su, kowace kaurinta kamar wuyan hannu, tsawonta daga ƙasa zuwa haɓa.

"Yanzu sai sassaƙa?" in ji Shekari, yana ɗaure su a bayan Vespa.

"Yanzu sai ka jingine su a inuwa, ka shafa man kaɗe a bakin saran. Ka juya su duk bayan kwana bakwai."

"Har yaushe?"

"Bayan kaka."

"Baba, yanzu fa ko ruwan farko ba a yi ba!"

"Na sani."

Kwana tara ya iya daurewa. A na goma ya zare guda ya ɗora a kan kwanon rufi inda rana ke duka, yana cewa a ransa zafi zafi ne. Kwana biyu ta tsage daga sama har ƙasa. Wata kuma ya jingine ta kusa da murhun Dinatu, ta yi baƙi gefe guda ta karkace. Ya kai su Zabi yana sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wata sanda da ta yi ƙura, ya ce shekara biyu tana rataye a rufin ɗakinsa, ya ajiye ta ne don kansa amma kafaɗarsa ta daina jan baka.

"Karɓi, kafin ka ƙone sauran. Amma ka ji. Gefen nan da zai kalli abin harbi, shi ne baya. Ɓawo kawai za ka cire, wuƙa ba ta shiga. Gefen da zai kalle ka, shi ne ciki, nan ake ragewa. Ka ajiye gizago, hannunka yana da gaggawa. Fasasshiyar kwalba za ka nema."

Haka Shekari ya koma kankara da gilashin kwalbar lemo. Ya kankare kaɗan, ya kafa ƙarshen sandar a ƙasa ya danna, ya duba yadda take lanƙwasa, ya sake. Duk Laraba ya kai ta Zabi. Tsohon ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya kanne ido ɗaya.

"Hannun sama yana aiki, na ƙasa yana barci. Rage nan. A'a, ba nan ba, nan. Ka ga inda ka zurfafa? Kada ka ƙara taɓa wurin, ko da sunan wasa."

Da ya dawo gida sai ya ga kamar duk wuraren ɗaya ne. Ya kan kai minti talatin yana zagaya sandar bai taɓa ta ba, sannan ya yi kankara uku ya ji ya ɓata komai.

Yana can cikin wannan bai lura garin ya canza ba. A watan Mayu labarin tashin hankali ya zo daga Filato, sannan daga Kano. A Zariya ba a yi komai ba, amma kowa na tuna abin da ya faru a Kaduna shekaru biyu da suka wuce. Kasuwar Samaru ta fara watsewa tun la'asar. Tayar mota ta fashe a bakin titi wata rana, mutane suka zubar da kayansu suka ruga. Kuma katangar gidan Shekari gajeriya ce. Duk mai wucewa yana ganin sanduna tara a jere a inuwa, da mutum a zaune yana fiƙe ta goma.

Dinatu ce ta fara kawo masa maganar.

"Ka lura yaran Malam Tanimu sun daina shigowa ɗiban ruwa?"

Malam Tanimu maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya, ma'aikacin gidan gona. Shi ya tsare wa Shekari bulo da siminti lokacin gini, tun ba su san juna sosai ba.

"Wataƙila famfonsu ya kawo."

"Famfonsu bai kawo ba. Matarsa ta gan ni a wurin niƙa ta juya baya. Ana cewa kana haɗa wa mutanenmu makamai."

Shekari ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Washegari ya gai da Malam Tanimu a ƙofar gida. Ya amsa, amma a taƙaice, idonsa na kan babur ɗinsa, bai tambayi iyali ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, Felix, shugaban matasan cocinsu, ya biyo shi har inda ya ajiye Vespa. Ya rage murya.

"Baba, mun ji aikin da kake yi. Allah ya ƙara ƙarfi. Guda ashirin muke so, mu ajiye kawai, saboda ba a san gobe ba."

Shekari ya dube shi. Yaron nan a gabansa aka yi masa baftisma.

"Felix, wata uku ke nan ina fama, ko guda ɗaya ban gama ba."

"To idan ka gama..."

"Idan na gama ma ba na wannan ba ne. Kada ka sake kawo mini maganar nan."

Felix ya ja baya, fuskarsa ta ɗaure. "Ranar da abin ya zo, Baba, kada ka ce ba mu faɗa ba."

Da ya iso gida ya kasa cin abinci. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zauna ya tashi. Dinatu ta bi shi da ido har ta gaji.

"Ka ƙone su," ta ce. "Ni zan kunna maka wutar. Itace ne fa kawai. Mu da muke nan mu biyu da yarinya a makaranta, idan wani abu ya tashi gidanmu za a fara nunawa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya je har gindin katanga ya tattaro sandunan ya rungume, ya kawo su bakin murhu. Ya tsaya a nan da su a ƙirji, Dinatu na riƙe da ashana. Sai ya wuce murhun, ya buɗe ƙofar gida da ƙafa, ya fita da su waje.

"Ina za ka?"

"Inda kowa zai gani."

Akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidan, tsakaninsa da na Malam Tanimu. A nan ya jingine su, ya koma ya ɗauko kujera da kwalbarsa da sandar Baba Barau, ya zauna ya ci gaba da kankara a bakin hanya. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Wasu suka gaishe shi, wasu suka tsallaka ɗaya gefen.

Da la'asar Malam Tanimu ya fito zai tafi masallaci. Shekari ya miƙe.

"Malam Tanimu, don Allah in ka idar ina son magana."

Da Malam Tanimu ya dawo, ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya. Shekari ya ba shi labarin tun daga falankin Chukwuka, ya nuna masa tabon gira, ya ambaci Baba Barau na Zabi. Bai ɓoye zuwan Felix ba, sai dai bai faɗi suna ba.

Malam Tanimu ya daɗe yana kallon sandunan.

"Ni ban ce ka yi wani abu ba," ya ce a hankali. "Amma ƙanena a Kaduna ya rasu, ka sani. Kibiya aka cire masa a nan." Ya taɓa ƙasan haƙarƙarinsa. "In na leƙo na ga waɗannan a jere, ba na iya cin abinci."

Shekari ya san ƙanen ya rasu a rikicin. Bai san ta yaya ba. Ya ji kwalbar ta yi masa nauyi a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Tara ɗin nan gobe zan mayar da su Zabi, su bushe a can. Wannan guda ɗaya nake roƙo ka bar ni in gama. A nan waje zan yi, ba a ɓoye ba."

Malam Tanimu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce Allah ya ba mu zaman lafiya, ya shiga gida.

Washegari Shekari ya ɗaure sandunan a Vespa ya kai Zabi. Baba Barau ya ji labarin, ya ce dama rufin ɗakinsa ya fi inuwar katanga, hayaƙi na korar ƙwaro. Ya karɓi bakan ya danna a ƙasa, ya kanne ido, ya juya shi ya sake dannawa.

"Ya isa. In ka ƙara, za ka ɓata."

"Hannun ƙasa fa? Ina ganin har yanzu..."

"Ya ɗan fi tauri. Haka zai zauna. Na farko ne."

Suka gasa ƙarshensa biyu a kan garwashi sama-sama, suka shafe shi da man kaɗe har ya yi duhu. Tsohon ya ɗauko tsirkiya ta fatar akuya da ya murza da kansa, ya nuna masa ƙullin sau biyu, ya kwance, ya ce ya yi da hannunsa. Sai a karo na huɗu ƙullin ya kama. Ya ba shi kibiya ɗaya ta kyauro marar ƙarfe a kai, ya nuna masa wani tsohon suri a bakin gona, taku talatin.

Shekari ya ɗana. Duk jikinsa na jiran ƙarar nan da ya sani. Ya ja zuwa rabi ya tsaya.

"Ja mana," in ji tsohon. "In zai karye, ya karye yau."

Ya ja har tsirkiya ta taɓa masa kumatu. Itacen ya yi wani ɗan ƙara a ciki, ya lanƙwasa, ya riƙe. Ya saki. Tsirkiya ta dake shi a damtse kamar bulala, kibiya ta tashi ta wuce surin ta hagu da nisa, ta faɗa cikin dawar wani.

"To," in ji Baba Barau. "Baka dai ka yi. Harbi kuma wata makaranta ce. Je ka nemo mini kibiyata, ita kaɗai gare ni."

Ya fi rabin awa yana neman ta a cikin dawa, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa, yana dariya shi kaɗai.

Ya kwance tsirkiyar kafin ya shigo Samaru, ya naɗe bakan a buhu. Dinatu ta karɓa ta juya shi, ta ce ya fi kyau a da yana fari, sannan ta ga shatar da ke damtsensa ta tafi ɗora ruwan zafi. Ba a yi rikici a Zariya ba a wannan shekarar. Felix ya yi wata biyu ba ya gaishe shi. Yaran Malam Tanimu sun dawo ɗiban ruwa wajen tsakiyar damina, uwarsu kuwa ba ta sake shigowa gidan ba har suka tashi suka koma Hanwa bayan shekara biyu.

Da kaka ta wuce aka sauko da sandunan tara daga rufin Baba Barau. Huɗu sun tsage, ɗaya ƙwaro ya cinye. Shekari ya karya biyu da hannunsa wajen gaggawa. Ragowar biyun a Zabi ya yi aikinsu, Laraba da Asabar, a ƙarƙashin tsamiya, tsohon na gefe yana sassaƙa ƙota yana ce masa ya rage hannu.